Wasiƙa daga Kampala

Abokina kuma ɗan'uwana cikin Ubangiji,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Yesu Almasihu. Yaya aiki, yaya uwargida da yara? Ina fata kowa yana nan ƙalau. Mun sauka Yuganda lafiya, kuma ban manta da alkawarin da na yi maka na labari ba.

Ranar Lahadi mun yi sujada a babbar majami'ar Anglikan ta Namirembe, wani ginin jan bulo a kan tudu da ke tsaye tun 1919. Mun zaɓi sujadar da ake yi da harshen Luganda, tafinta yana raɗa mana abin da fasto ke faɗa. Da jama'a suka ɗauki waƙa kuwa, babu wanda ya ƙara waiwayar tafinta. Tsofaffi da yara murya ɗaya, har jikina ya yi yar.

Mu da muka zo da sunan aikin bishara, mun tarar bishara ta riga mu nan da nisa. A 1877 'yan mishan suka iso masarautar Buganda, ba a cika shekara goma ba sarkin, Kabaka Mwanga na biyu, ya sa aka fara kashe waɗanda suka ƙi barin bangaskiyarsu. An kai mu Namugongo, inda aka ƙone da dama daga cikinsu da ransu ranar 3 ga Yuni, 1886. Shahidai 45 ake tunawa da su, 23 'yan Anglikan, 22 'yan Katolika, yawancinsu samari masu hidima a fada. Ƙaramin 'yan Katolikan, Kizito, bai wuce shekara 14 ba. Ikilisiyar Anglikan ta ƙasar ce kuma ta rasa Babban Bishop Janani Luwum, wanda aka kashe a 1977 zamanin Idi Amin. Irin waɗannan mutane, zama za ka yi ka saurare su.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gidan marayun da muka ziyarta a bayan gari. Ko gama sauka daga mota ba mu yi ba yara suka sheƙo, wannan ya kama hannu, wancan ya ɗare wuya. Wata 'yar yarinya ta riƙe rigata ba ta saki ba har muka gama zagaya ɗakunan kwana. Zuciyata ta yi fari ƙwarai. Sai wata dattijuwa cikin masu kula da su ta ja ni gefe, ta tuna mini cewa yaron da ke da uwa a gida, in ya ga baƙo, bayan zanenta yake laɓewa. Waɗannan suna rungumar kowa ne domin baƙi suna zuwa suna tafiya, kowane rukuni ya ɗauke su, ya yi hoto da su, ya shiga mota. Su kuma matan gidan su ne ke kwana da kukan.

Na tambaye ta ko duka iyayensu sun rasu. Ta girgiza kai. Akwai marayu na ainihi, domin cutar ƙanjamau da yaƙin 'yan tawayen Joseph Kony a arewacin ƙasar sun bar gidaje da yawa babu manya. Amma mafi yawan yaran suna da uwa, ko uba, ko kaka a raye. Talauci ne ya kawo su: kuɗin makaranta, magani, abin sawa a baki. Uwa ta ga a nan ɗanta zai ci ya ƙoshi ya yi karatu, sai ta danne zuciyarta ta miƙa shi. Haka lamarin yake a ƙasashe da dama. Shi ya sa maƙwabciyarsu Ruwanda ta fara rufe irin waɗannan gidaje tun 2012 tana mayar da yara cikin iyalai, kuma a Disamban 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira ga ƙasashe su bi wannan hanya.

Kada ka ɗauka ina zargin masu gidan. Mutanen kirki ne, albashinsu bai taka kara ya karya ba, ga yaran tsaf-tsaf. Sai dai da dare na sake buɗe Yakubu 1:27, ayar da muke yawan ja kan kula da marayu, na ga ta ambaci gwauraye tare da su. In an tallafi gwauruwa da ɗan jari da kuɗin makarantar 'ya'yanta, ɗanta ba zai kwana a hannun baƙi ba. Abin da ake kashewa kan yaro ɗaya a gidan marayu zai riƙe yara da dama a gaban iyayensu.

To ga shawarata kan gudummawar da ka haɗa da 'yan zumuntarku. An so a sayi kayan wasa da ita, ni kuwa na fi so a damƙa ta ga ikilisiyar da ke kusa da gidan, wadda ta san dangin yaran, domin a fara mayar da waɗanda za a iya mayarwa, a kuma riƙa bibiyarsu. Ba zan taɓa ko sisi ba sai na ji daga gare ka, don haka ka tattauna da su ka amsa mini kafin mu taso.

Ka sa yaran nan da matan da ke kula da su cikin addu'a. Ka gaishe mini da Mama da kyau.

Naka cikin Almasihu,
Abokinka