Wasiƙa kan renon itatuwan tsibirai a kwalba

Zuwa ga abokina Malam Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka ce in yi maka bayanin yadda ake ceton itatuwan tsibirai da suka kusa ƙarewa, irin aikin da ake yi a lambun binciken tsirrai na Lyon da ke tsibiran Hawai na Amurka.

Sabon toho ake yankowa, guntu kamar santimita 2 mai ido ɗaya. A tsoma shi a sifirit mai ƙarfin kashi 70 na daƙiƙa 30, sai ruwan bilic da aka tsarma ninki 10 na minti 10 zuwa 15, a ɗauraye sau uku da ruwan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta. Sai a dasa shi a kan abincinsa a cikin kwalba. Abincin haɗin gishirin sinadaran gina tsiro ne da ake kira MS, ko da yake itatuwa sun fi son wani haɗin, WPM, don gishirinsa da sauƙi. A kowace lita a sa sukari giram 30 da agar (garin da ke daskarar da abincin) giram 8, a daidaita pH, wato ma'aunin tsami, a 5.8, a dafa a tukunyar matsi a digiri 121 na minti 15. Miligiram 1 na BAP, sinadarin da ke sa toho, a kowace lita ya isa ya fito da rassa. In aka zarce, ganyen ya kumbura ya yi garau kamar gilashi, ba ya ƙara amfani.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsohuwar bishiya. Fumfuna da bakteriya na zaune a cikin jijiyoyinta, inda bilic ba ya kaiwa. Kwalba ta yi mako biyu tsaf, sai ka ga farin hazo ya kewaye gindin guntun. Fumfuna na cikin abin da ya ci zaitun na tsibirin Sant Helena da ke tekun Atlantika, wanda na ƙarshensa ya mutu a 2003. Shi ya sa ake fara kafa reshe a ɗakin reno, a riƙa yi masa feshi, sannan a ɗebi tohon da ya fitar. In kuwa abincin ya yi baƙi, ruwan da yankan ke zubarwa ne, sai a sauya kwalba cikin kwana biyu ko a ƙara garin gawayi.

Duk mako huɗu ake raba rassan, a sa musu sinadarin IBA su yi saiwa. Ranar fitarwa a wanke agar tas, a rufe da leda, a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan har mako uku, don ganyen kwalba ba ya iya riƙe ruwa.

Kada ka manta, tsiro dubu daga uwa ɗaya uwar ce dai. A ɗebo daga kowace bishiyar da ta rage, a rubuta lambarta a jikin kwalba.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Bello