Ku daina kiran 'ya'yan mutane kangararru

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na daren Laraba kan tarbiyyar yara ya hana ni barci. Baƙonku ya ce delinquency da Turanci, mai gabatarwa ya karɓe da "wato kangara", shi ke nan aka yi ta kangararru, kangararru har aka rufe shirin. Haba Malam!

Shekara 30 na yi ina koyar da Turanci a sakandare. Kalmar nan delinquency daga Latin ta samo asali, ma'anarta gaza sauke abin da ya hau kanka. Shi ya sa har 'yan banki suke faɗinta ga wanda lokacin biyan bashi ya wuce bai biya ba. Abin da mutum ya aikata take nunawa. Amma in Bahaushe ya ce yaro ya kangare, ai ya gama da shi ke nan, ya zama busasshen icen da ba ya tanƙwaruwa.

Ɗan ƙanena yana da shekara 14 ya fara gudun makaranta, daga baya ya ɗauki wayar maƙwabci ya sayar. Laifi ne, ban wanke shi ba. Sai unguwa ta laƙaba masa kangararre, matan gida suka ɗauka, har ubansa ya yarda cewa yaron ya fi ƙarfinsa, ya kai shi gidan mari. Wata takwas ya yi. Ya dawo da tabo zagaye da idon sawunsa, kuma yau shekara shida ban ƙara jin dariyarsa ba. In ubansa ya shigo gida, tashi yake ya fita.

Ko kun manta da Rigasa? A watan Satumban 2019 'yan sandan Kaduna suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida irin wannan, wasu da sarƙa a ƙafa. Yawancinsu 'yan uwansu ne suka kai su da hannunsu, kuma wannan sunan ne ya buɗe musu ƙofar. Ku ce yaro ya yi laifi, ku ce ya kauce hanya. Hausa ba ta rasa kalma ba.

Sannan don Allah ku rage tallan masu maganin gargajiya a tsakiyar shiri. Ana maganar tarbiyya, yara na zaune, sai ga mai maganin basir yana batsa.

Wassalam.

Mai sauraronku,
tsohuwar malamar makaranta daga Zariya