Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kafin Ya Hau Tsauni

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma duba tsarin tafiyar da ka zayyana: ku isa garin nan na kan tsauni da daddare, washegari da asuba ku faɗa gandun daji, ku hau har ƙololuwa, ku sauko ku kama hanya kafin magariba. A takarda abin ya tsaru. Sai dai kilomita kawai ka lissafa, ka bar tsayi a baya, alhali a irin wannan wuri tsayi shi ne mai gari. Shi ke juya numfashinka da yanayin sama da lafiyar motarka, har da lokacin da kake ganin ya ishe ka.

Bari in fara da jiki. Kason oksijin a cikin iska ba ya canzawa, kashi 21 ne cikin 100 a bakin teku, haka kuma yake a kan dutse. Abin da ke raguwa shi ne matsin iskar. A tsayin mita 3,000 bai wuce kashi 70 cikin 100 na wanda ke bakin teku ba, don haka duk numfashin da ka ja, abin da ke isa jini ya ragu. Ciwon tsayi yakan fara kama mutane ne daga wajen mita 2,500, kuma ba nan take yake zuwa ba, sai bayan awa 6 zuwa 12 da isa. Alamarsa ta farko ciwon kai, sai kasala, tashin zuciya, rashin son abinci da barci rabi da rabi. Ba ruwansa da ƙarfin mutum. Sau da yawa ma majiya ƙarfi ya fi kamawa, domin su ne masu saurin hawa.

Amfanin garin ke nan, ban da otal da shagunan tsaraba. Yawancin irin waɗannan garuruwa suna zaune ne a tsaka-tsaki: Banff a Kanada wajen mita 1,400, Zermatt a Suwizalan wajen mita 1,600, Estes Park a jihar Kolorado ta Amurka wajen mita 2,300. Kwana ɗaya ko biyu a irin wannan tsayi yana ba jiki damar sabawa kafin a ƙara sama. Saboda haka ka ƙara kwana guda a tsarinka. Ranar farko ku zaga gari a ƙafa, ku yi ɗan tattaki na awa ɗaya ko biyu a hanya mai sauƙi, ku sha ruwa sosai, ku kwanta da wuri. Idan za ku kwana a sama da mita 3,000, ƙa'idar masu hawan dutse ita ce kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a huta kwana guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. A hau sama da rana a sauko ƙasa a kwana ba laifi ba ne, yana ma taimaka wa jiki.

Ciwon kai mara tsanani, maganinsa a tsaya inda ake, a huta, a sha farasitamol, kada a ƙara hawa sai ya sake. Amma akwai alamu da ba a jira da su. Idan mutum yana haki alhali a zaune yake, ko tari ya sarƙe shi yana fitar da kumfa, ruwa ne ke taruwa a huhu. Idan yana tangaɗi, ya kasa bin miƙaƙƙen layi, ko magana ta rikice masa, ƙwaƙwalwa ce ke kumbura. Duka biyun suna kisa cikin awoyi. A sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne, aƙalla mita 300 zuwa 1,000, a nufi asibiti, kuma kada a bar shi ya sauka shi kaɗai. Wani abu da ba a cika faɗa ba: mai sikila tsayi na iya tayar masa da ciwo, har wanda yake AS ma akan samu saifarsa ta sami matsala a tsayi mai yawa. In akwai irin wannan a cikinku, ko mai ciwon zuciya ko na huhu, ko mai juna biyu, a ga likita kafin a tashi. Shi ne kuma zai ce ko ana bukatar ƙwayar acetazolamide, maganin rigakafin ciwon tsayi, wadda ake fara sha kwana guda kafin hawa.

Sai yanayi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yakan ragu da kusan digiri 6.5. Ɗauki misalin Estes Park: titin Trail Ridge da ya ratsa gandun Rocky Mountain yana kaiwa mita 3,713, wato ya ɗara garin da wajen mita 1,400. Idan gari yana digiri 20, can sama 11 za ka tarar, ga iska tana kaɗawa ba bishiyar da za ta tare ta. Maganin wannan ba ƙatuwar riga guda ba ce. Riguna uku ne: ta ciki mai saurin bushewa, suwaita a tsakiya, sai rigar ruwa mai tare iska a sama, kana cirewa kana mayarwa gwargwadon hali. Ka guji auduga a jikin fata, domin in ta sha gumi ba ta bushewa, da ka tsaya hutawa sai ta zuƙe maka ɗumin jiki. Kuma kada sanyin ya ruɗe ka game da rana. Haskenta mai ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000, in akwai dusar ƙanƙara kuma tana mayar da shi cikin ido. Hula mai baki, baƙin tabarau da man kare fata da na leɓe ba kwalliya ba ne a can.

A tsaunuka da yawa, da damina ko lokacin zafi, safiya takan waye garau, hadari ya fara haɗuwa da hantsi, bayan azahar kuma sai tsawa. Shi ya sa masu hawa suke fita tun duku-duku, su juyo daga ƙololuwa kafin rana ta take tsaka. Idan ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙu har ka ji ƙarar: kowace daƙiƙa 3 kilomita guda ce. In bai kai 30 ba, aradu na iya riskarka inda kake. Ka sauka daga tudu, ka nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai da bakin ruwa, ka shige mota ko gini, sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba sannan ka fito.

Game da lissafin lokaci, hangen Dala ba shiga birni ba ne. A kan dutse iska garau take, abin da ke nesa sai ka ga kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Akwai tsohuwar ƙa'ida da wani mahayin dutse ɗan Sukotilan, William Naismith, ya fitar a 1892: awa guda ga kowace kilomita 5, a ƙara awa guda ga kowace mita 600 ta hawa. Hanya mai kilomita 12 zuwa da dawowa, da hawan mita 900, ta tashi kusan awa 4 ke nan. Wannan kuwa lissafin mai ƙarfi ne da ba ya tsayawa. Da yara, da ɗaukar hoto, da haki, ka ɗauka awa 5 zuwa 6. Ku tsayar da lokacin juyowa tun a masauki, in ya cika ku juyo ko da ƙololuwar na gabanku. Kowa ya riƙe ruwa lita 2 zuwa 3. Ruwan ƙorama kuma, komai kyansa a ido, yana iya ɗauke da ƙwayoyin gudawa, sai an tace ko an tafasa. Da yake a sama ruwa yana tafasa tun bai yi zafi sosai ba, wajen digiri 90 a mita 3,000, a bar shi yana tafasa minti 3 in an wuce mita 2,000.

Motar ma tana jin tsayi. Injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000, don haka in ka ji ta yi nauyi a hawa ba lalacewa ta yi ba, rage giya kawai. In allurar zafi ta fara tashi, kashe AC, ka kunna hita, ka sami wuri ka faka, kuma kada ka buɗe murfin lagireto sai injin ya huce. Amma haɗarin gaske a gangara yake. Wanda ya ɗora ƙafa a birki kilomita bayan kilomita, birkin zai ɗau zafi har ya daina kamawa, man birki ya tafasa, ya taka ya ji ƙafarsa ta lume ba komai. Ka sauko da giyar da ka hau da ita, lamba biyu ko uku, in otomatik ce ka mayar da ita L ko 2, injin ya riƙe motar. In gudu ya ƙaru, ka taka birki da ɗan ƙarfi na 'yan daƙiƙu, ka saki. Kada ka kuskura ka sake ta a firi. Da ka ji ƙauri, tsaya a wuri mai faɗi ka ba birkin minti 20 zuwa 30 ya huce, kada ka watsa masa ruwa. A duba man birki da tayoyi kafin a tashi, a cika tanki a gari, don gidan mai yana wuyar samu a cikin gandu.

Shiga gandun kansa yana da nasa tsari, kuma yana canzawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka ka duba shafin hukumar gandun na intanet tun kafin ka kama ɗaki. Wasu suna bukatar a yanki takardar shiga ta wata awa takamaimai makonni kafin ranar. Wasu hanyoyin a rufe suke rabin shekara: shi titin Trail Ridge ƙanƙara takan rufe shi daga wajen Oktoba har ƙarshen Mayu. Wasu wuraren kuma ba a barin motar gida sam. Tun 2023 aka hana ta bin hanyar tafkin Moraine a gandun Banff, sai dai bas, Zermatt kuwa a ƙauyen Täsch da ke kusa ake ajiye mota a ƙarasa da jirgin ƙasa. Da kun isa gari ku fara da ofishin baƙi na gandun. Matambayi ba ya ɓata: jami'an nan su suka san hanyar da ruwa ya cinye jiya da inda aka ga dabba da 'ya'yanta yau. Ka karɓi taswirar takarda, ka kuma sauke wata a waya, domin sabis yakan ɗauke da zarar an shiga kwazazzabo, sanyi kuma yana shanye caji, sai ka riƙa ajiye wayar a aljihun ciki. Tocila ta zama a jaka ko da kuna sa ran dawowa da rana.

Namun daji kuwa, nisa shi ne zaman lafiya da su. A Yellowstone, gandun da aka kafa a Amurka a 1872, doka ta ce mita 91 tsakaninka da beyar ko kyarkeci, mita 23 da yawancin sauran dabbobi. In dabba ta daina kiwo ta ɗago kai tana kallonka, ka riga ka matso da yawa, ja da baya a hankali, kada ka ruga. Masu cin ciyawa ma suna kai hari, musamman uwa mai ɗa da namiji a lokacin barbara. Kada a ba su abinci, kada a bar shi a fili ko a cikin tanti, domin dabbar da ta saba da abincin mutane takan fara bin su, ƙarshenta jami'ai su harbe ta.

Kafin ku fita kowace safiya, ka shaida wa mai masauki hanyar da za ku bi da lokacin da za ku dawo, ka rubuta lambar agajin gaggawa ta gandun a takarda. Ka turo mini sabon tsarin in ka gyara shi, da tsayin wurin da za ku kwana kowane dare.

Ka gaida mutan gida da yara. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.

Wassalam,
Naka amini.