Wasiƙa zuwa Jidda: maganar ruwa da fandishon gidanka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya aiki, ya zaman baƙunta? Mu nan Kano hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, kowa na fama da mura da kaushi. Hajiya tana nan lafiya, ƙafar ce dai takan motsa mata idan sanyi ya yi yawa. Ta ce in gaya maka saƙo ya iso, Allah Ya yi albarka.

Na kalli bidiyon da ka turo, na mutanen Amurka da suke haƙa rami kewaye da gida, su shimfiɗa fayif mai huji-huji, su rufe da tsakuwa, har da injin da ke zuƙe ruwa. Ka tambaye ni nawa irin wannan zai ci a gidanka, kuma ko a bar shi sai an gama tayil da fenti. Na je na zagaya ginin tare da ƙaninka da birkila, kuma ga ra'ayina kai tsaye: kada a sa tayil ko ɗaya sai an sama wa ruwa hanya, kuma hanyar da gidanka ke bukata ba wadda ke cikin bidiyon ba ce, ta fi ta sauƙi da araha.

Gidajen Amurka da yawa suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa babban tsoronsu ruwan da ke tsattsafowa ta cikin ƙasa. Mu kuwa abin da ke cin gidajenmu ruwan sama ne da ke zuba a gindin bango. Kusan duk ruwan shekararmu cikin wata huɗu yake sauka, daga Yuni zuwa Satumba, Agusta kuma ya fi kowane wata. Rufin gidanka ya kai murabba'in mita 200. Duk milimita ɗaya na ruwa lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita, ke nan ruwan dare ɗaya mai milimita 50, wanda ba abin mamaki ba ne a marka, lita 10,000 ne. Jarkar 'yan garuwa mai lita 25 guda 400 ke nan, daga kan kwanonka kawai, ban da na tsakar gida. Yadda ginin yake yanzu, duk wannan a gindin bango zai sauka, a kan cikon da ba a daddage shi sosai ba.

Ka san abin da ke biyo baya, don ka ga irinsa a gidajen unguwarmu. Da fari fenti ya kumbura daga ƙasa zuwa gwiwa, filasta ta riƙa zubowa kamar gari, farin gishiri ya fito a jikin bulo, kayan cikin durowa su riƙa warin danshi. Mai gida ya kira mai fenti, a kankare a sake, damina ta zagayo a koma gidan jiya. Wannan mai sauƙi ne. Mai tsanani shi ne idan ƙasar da fandisho ke zaune a kai ta jiƙa ta yi laushi a gefe ɗaya, ɗaya gefen yana bushe. Sai kusurwa ta zauna, tsaga ta taso a karkace daga bakin taga, ƙofa ta daina rufuwa, tayil ya fara ƙara idan an taka. A wannan matakin gyara ya zama na injiniya, kuma kuɗinsa ya ninka na magudana nesa ba kusa ba. Na san hankalinka ya tashi tun da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ta shanye Maiduguri, kuma kai ma a nan inda kake mutane ba su manta ambaliyar Nuwamban 2009 da ta ci rayuka fiye da 100 ba. Irin wannan babu kwatar gida da za ta tare shi, sai kiyayewar Allah da aikin hukuma. Amma yawancin katangun da ke faɗuwa a Kano duk Agusta ba ambaliya ce ta ture su ba, shekaru suka yi ruwa na kwana a gindinsu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne iyayenmu sun san wannan sarai. Ka tuna soron kakanka a cikin gari. Ginin ƙasa ne, tubali da azara, amma indararonsa dogo ne, yana cilla ruwa can nesa da bango. Gindin katangar ya fi samanta kauri, ga dakali a jikinta yana kare ta daga feshin ruwa. Rufin kuma ana shafe shi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, bango a yaɓe shi da makuba daga ɓawon ɗorawa, kuma duk shekara kafin ruwan farko sai an hau an duba an yi yaɓe. Su da suka san ƙasa na narkewa ba su taɓa raina ruwa ba. Mu da muka samu siminti sai muka ɗauka ba ya jin komai, alhali bulo shan ruwa yake yi, musamman irin na kasuwa da ake buga da yawa daga buhu ɗaya.

To ga abin da na gani a naka. Abu ɗaya ya kwantar mini da hankali: birkila ya shimfiɗa leda kafin a zuba kankaren daɓe, na ga bakinta a gefe. Amma tsayin daɓen bai ishe ni ba. Ƙa'ida ita ce layin ledar ya ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15, kuma ta yamma cikon da aka tara ya kusa binne shi. Idan aka zo aka ɗora intalok a kan haka, ledar ta tashi a banza, domin danshi zai tsallake ta samanta. Sai an kwashe ƙasar nan, aikin lebura ne na kwana kaɗan. Sannan layinku bai samu kwalta ba tukuna, kuma duk ranar da aka zo yin titi sai an ɗaga shi da ciko. Gidaje nawa ka sani da a da ake hawa a shiga, yanzu gangarawa ake yi? Don haka na ce a ɗaga bakin get da tudu mai ɗan tsayi tun yanzu. Tun ran gini, ran zane.

Daga nan sai gangara. Ƙasar da ke kewaye da gida dole ta sunkuya daga bango zuwa waje, kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko. Ba da ido ake auna wannan ba, kuma a nan ne nake rigima da masu aiki. A sa su ɗauko siririn tiyon nan na awo da ake cika wa ruwa, a kafa turaku, a ja igiya. Sai a zuba daɓen kankare mai faɗin mita ɗaya a zagaye ginin gaba ɗaya, kaurin santimita 10, a kan cikon burji da aka jiƙa aka daddaka hawa-hawa, ba a juye tifa guda a baje a ce an gama ba. A bakin kwano kuma a ɗaura kwararon da zai tare ruwan rufi, a sauko da shi ta fayif mai inci 4 a kusurwoyi, ya zuba kai tsaye cikin kwata. Masu aiki suna son sa mai inci 3 don ya fi araha, amma ruwan Agusta ya fi ƙarfinsa, zai tumbatsa ya bi bango.

Kwatar kanta a yi guda biyu, ɗaya ta kudu ɗaya ta arewa, kowace kamar mita 20, su haɗu a gaba. A ba kowace gangarar santimita ɗaya a duk mita, wato ƙarshenta ya fi farkonta zurfi da santimita 20. A yi mata ƙasa da kankare, gefe da bulo, a shafe ciki sumul. A rufe da murfin da ake iya ɗagawa saboda yara, kada a toshe ta ɗungurungum, domin ƙurar hunturu da ledar fiya wata za su cika ta, kuma kwatar da ba a iya yashewa gidan sauro ce.

Mu zo kan kuɗi, tunda shi ka fi tambaya. Ba zan yanka maka farashi ɗaya ba, domin tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aka kuma saki naira, kayan gini ba su zauna wuri ɗaya ba. Simintin da muke saye wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a farkon 2024. Abin da zan ba ka shi ne yawan kaya, kai kuma ka buga da farashin ranar da za a saya. Zagayen ginin mita 60 ne, don haka daɓen kewaye zai ci kankare kubik mita 6. Da haɗin siminti ɗaya, yashi uku, tsakuwa shida, buhu 27 zai isa ko ya ɗan ɗara. Kwata mai tsawon mita 40, jeri biyu a kowane gefe, za ta ci bulo wajen 360, tunda kowane bulo inci 18 ne, da siminti buhu 20 zuwa 25 na ƙasa da gini da shafe. Ka ce buhu 50 gaba ɗaya. Idan ka ɗauki buhu a naira 10,000, rabin miliyan ke nan na siminti kaɗai. Ga yashi, ga tsakuwa wadda ta fi yashi tsada sosai, ga bulo, burji, kwararon rufi da fayif, murafu, ruwan aiki, da ladan birkila da leburori. A ƙiyasina ka ninka kuɗin simintin sau uku, ka tanadi wajen miliyan ɗaya da rabi, in an samu rara alhamdu lillahi. Na san ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai tara riyal da gumi, amma ka kwatanta shi da abin da ka ware wa tayil da silin, waɗanda su ne za su fara lalacewa idan danshi ya shigo.

Fayif mai huji na cikin bidiyo ban ce ba shi da amfani ba. Yana da wurinsa: fili mai fadama, ko wanda aka cike kududdufi aka yanka, irin waɗanda suka yi yawa a Kano yanzu, inda ruwa ke tasowa daga ƙasa ko ba a yi na sama ba. Naka bai yi kama da haka ba, jar ƙasa ce, kuma maƙwabcinka na gabas ya ce rijiyarsa ko a marka ba ta kusanto baki. Duk da haka a bar rami ɗaya mai zurfin fandisho a bayan ginin, a rufe bakinsa, mu leƙa a Agusta. In ruwa ya kwanta a ciki kwana da kwanaki, sai a yi shi ta wannan gefen kawai: rami ɗan nesa da bango don kada a zaizaye ƙarƙashin fandisho, a shimfiɗa ƙyallen tacewa, a zuba wankakkiyar tsakuwa, a kwantar da fayif hujin na kallon ƙasa, a naɗe a rufe. Idan babu ƙyallen, laka za ta toshe shi cikin 'yan damina. Injin zuƙa kuwa ka cire shi daga lissafi in dai gangara za ta iya aikin, domin ka san da hadari ya haɗo ake ɗauke wuta, lokacin da aka fi bukatarsa.

Sauran magana ɗaya, kuma ita ta fi damuna: ina ruwan zai je in ya fita? Layinku babu lambatu. Birkila ya kawo shawarar a huda katanga ta baya a sake shi, na ce sam, domin gidan da ke bayanka ya fi naka gangare, kuma ginin ƙasa ne, da tsohuwa da jikoki a ciki. Haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne, ba ma so ka tsare fandishonka da rushe na wani. Ƙaninka kuma ya ce a haɗa shi da sokawen banɗaki. Wannan ma a'a, dare ɗaya zai cika ya dawo da ƙazanta tsakar gida. Abin da na gani shi ne a kafa tanki a kan fayif biyu na baya, ko mai lita 2,000 ne, uwargida ta samu ruwan wanki. Ragowar a haƙa masa ramin tsotsewa nasa daban ta gaba, nesa da gini da aƙalla mita 5, kuma nesa da rijiya. Abin da ya fi ƙarfin ramin ya fita ta ƙarƙashin get zuwa layi. Na yi magana da mai unguwa, ya ce masu gidajen layin sun daɗe suna maganar yin karo-karo a ja kwata zuwa babban kwalbatin bakin titi. Ina ganin ka sa hannu da wuri, ko bulo ka saya musu, domin kwatarka ba ta da amfani in ta fito ta tarar da tabki a ƙofar gida.

Game da biyan kuɗi, kada ka turo wa mai aiki dunƙule. Mu sayi kaya da kanmu, aiki kuma a yi jinga, a ba da kafin alƙalami, ragowar sai an gwada. Gwajin ba wuya: a kira 'yan garuwa su juye kura biyu ko uku a farkon kowace kwata da kan daɓen, mu tsaya mu ga inda ruwan ya bi. Duk inda ya kwanta, a fasa a gyara kafin a cika kuɗi. Zan ɗauko maka bidiyon ka gani da idonka. Kuma a fara yanzu da rani, ƙasa a bushe, a riƙa ba kankaren ruwa safe da yamma na mako guda saboda iskar hunturu na tsaga shi. Idan aka kai Mayu, kowa zai tashi neman birkila lokaci ɗaya.

Ka yi shawara da uwargida ka sanar da ni kafin ƙarshen wata, don mu kama siminti. In ka amince, a dakatar da mai tayil tukuna, ni zan yi masa bayani. Ka gaishe da yara da duk mutanenmu na can, kuma in ka samu zuwa Umra ka sa mu a addu'a, musamman Hajiya da ƙafarta. Iyalina duk suna gaisuwa.

Wassalam,
Naka amini,
daga Kano.