Wasiƙa zuwa Kumasi kan birkin da ya yi laushi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Zango baki ɗaya. Saƙonka ya iso. Ka ce tun da bakanike ya canza maka tiyon birki, in ka taka sai fedar ta nutse kusan ƙasa kafin motar ta tsaya, alhali man birki na nan a cike, ba ya yoyo. Iska ce ta shiga layin. Bari in warware maka dalilin, kada a sa ka sayen masta, wato famfon da ke tura man birki in ka taka feda, a banza.

Nemi sirinji mai cin mililita 10, ka cire allurar. Ja iska ya cika, toshe bakin da babban yatsa, ka danna. Zai gangara har wajen 5, in ka saki ya dawo. To, cika shi da ruwa ka sake dannawa. Ko gezau.

Iska da ruwa da ƙarfe duk tarin ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani. In an matse abu, ƙwayoyin ba sa ƙanƙancewa, filin da ke tsakaninsu ne ke raguwa. A iska, tazarar ƙwaya da 'yar'uwarta ta kai wajen ninki 10 na kaurin ƙwayar kanta, wato kusan duk cikin sirinjin nan fili ne wayam. Shi ya sa ruwa lita ɗaya, in ya tafasa ya zama tururi, yake cin wurin lita kamar 1,700. Tun 1662 Robert Boyle ya nuna cewa in aka ninka matsin iska sau biyu, wurin da take ci zai koma rabi, muddin zafinta bai canza ba. Abin da ɗalibai ke yawan kuskurewa shi ne, tazarar ba ta koma rabi ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar kawai ta ragu, domin raguwar ta rabu a tsawo da faɗi da zurfi.

A ruwa kuwa ƙwayoyin sun riga sun haɗa kafaɗa, zamewa kawai suke yi a jikin juna kamar gero a mudu. In ka nemi ƙara kusanta su, sai su ture juna da ƙarfi. Ko ka ɗora wa lita ɗaya matsi ninki 100 na iskar da muke shaƙa, abin da za ta ragu bai kai mililita 5 ba. A ƙarfe kowace ƙwaya a kafe take a mazauninta, kuma ya fi ruwa ƙin matsuwa wajen sau 70. Kada katifa ko auduga su ruɗe ka, iskar da ke cikin ramukansu ce ke fita.

Birki a kan wannan taurin kai na mai ya dogara. Ka taka, fistan ɗin masta ya tura mai, man ya ƙi matsuwa, ƙarfin ya isa ƙafafu huɗu nan take. Amma in akwai kumfar iska a hanya, sai tafiyar fedar ta ƙare wajen matse kumfar, kafin abin da ya saura ya kai ga taya.

Gyaran na mutum biyu ne. A cika kofin masta da irin man da aka rubuta a murfinsa, DOT 3 ko DOT 4. A fara da ƙafar da ta fi nisa da masta, yawanci ta baya ta dama, sai in littafin motar ya faɗi wani tsari. A sa siririn tiyo mai nuna ciki a bakin ɗan notin fitar da iska, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai. Na cikin mota ya taka sau uku ko huɗu ya danne. Na ƙasa ya kwance notin kaɗan, mai da kumfa su fito, ya ɗaure, sannan a saki feda. Nan ake yawan ɓata aikin: in aka saki kafin a ɗaure, iska ta koma ciki. Haka in aka bar kofin ya ƙafe, aiki ya dawo ɗanye. A yi ta maimaitawa har man ya fito babu kumfa ko ɗaya.

Sai abu ɗaya da ya shafi garinku mai yawan ruwan sama. Man birki yana shan danshi. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. A doguwar gangara birki ya ɗau zafi, man ya tafasa, tururi ya taru a layi, feda ta nutse ko da babu iskar da ta shiga daga waje. Don haka ka riƙa canza shi duk shekara biyu, kuma kada ka karɓi na gwangwanin da aka daɗe da buɗewa.

Kafin a gyara, ka ajiye motar. In an fitar da iska fedar ta yi tauri, amma ka danne ta tana sulalewa ƙasa a hankali, to a nan ne za a duba robobin masta.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara. Allah ya kiyaye hanya.

Naka amini,
daga Zariya