Hayaƙin kwamfutocinmu a ƙofar shago yake fita

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in tofa albarkacin bakina kan batun da ake yawan tattaunawa yanzu, cewa amfani da waya da kwamfuta da intanet na ƙara ɗumamar yanayi. Sana'ata buga takardu da kwafi da cike wa jama'a fom a intanet, a wani ɗan shago a Tudun Wada, don haka maganar a ƙofata take.

Batun gaskiya ne. Kowane saƙo da kowane bidiyo sai ya ratsa ta wasu manyan gine-gine cike da kwamfutoci waɗanda ba a kashe su dare da rana, ga na'urorin da ke sanyaya su. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ƙiyasta cewa a 2024 waɗannan rumbunan adana bayanai sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na lantarkin duniya, kuma tana hasashen abin zai ninka nan da 2030. Sai dai shawarar da aka fi ba mu ita ce mu goge tsofaffin imel. A nan Kaduna wannan barin jaki ne ana dukan taiki.

Da zarar an ɗauke wuta, ka zo layinmu ka gani. Kafin minti biyu kowane shago ya ja igiyar janaretansa, hayaƙi ya turnuƙe baranda, mai shago da mai saye sai sun ɗaga murya kafin su ji juna. Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon mai ɗumama yanayi, ta dizal kuwa kusan kilo 2.7. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ƙaramin inji ba ya rage shan mai daidai da ƙanƙantar abin da aka jona masa. Sai ka tarar an tayar da shi tun hantsi har la'asar, alhali ba abin da yake riƙe da shi sai fanka ɗaya da cajin wayoyi biyu. Man da aka ƙona a wannan yini ya fi ƙarfin duk imel ɗin da mutum zai goge a shekara.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 na sauya tsarin aikina. Manyan kwamfutocin tebur na musanya su da laftof na hannu, domin laftof ba ta shan rabin wutar da babbar ke sha, kuma tana da batirinta, ko an ɗauke wuta aiki bai tsaya ba. Na sa ɗan faifan sola da batir wanda ke ɗaukar laftof ɗin da ƙwan fitila. Injin kwafi da firinta su ne masu cin wuta, saboda sai sun ɗumama ƙarfen da ke manna tawada a takarda, don haka nake tara aikinsu, in tayar da janareta sau ɗaya in gama in kashe. Masu kawo aiki sun saba, sukan ajiye su dawo bayan azahar. Kuɗin mai ya ragu, yaran da ke koyon aiki a wurina kuma sun daina tafiya gida da ciwon kai.

A gida ma akwai hayaƙin da ba mu lissafawa. Dogayen ƙarafan sabis da ke unguwanninmu, yawancinsu da injin dizal a gindinsu, wanda maƙwabta ke kwana da ƙararsa. Lokacin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, tsadar makamashi na cikin dalilan da kamfanonin suka bayar. Bidiyo shi ne ya fi komai nauyi a intanet, mu kuma a WhatsApp bidiyo ɗaya yakan shigo wayar mutum ta zauren dangi da na makaranta da na kasuwa. A shiga saiti a hana waya sauke komai da kanta. Mai sauraren karatu ko wa'azi da waya a aljihu, ya nemi na murya zalla. Gaisuwar Juma'a kuwa, in ka rubuta wa ɗan'uwanka layi biyu da sunansa, ya fi jin daɗinta a kan bidiyon da ya zaga gari.

Amma inda nake so masu karatu su fi tsayawa shi ne na'urar kanta. Kusan kashi 80 cikin 100 na hayaƙin da waya ke jawowa a tsawon rayuwarta, tun wajen haƙo ma'adinai da ƙera ta aka riga aka sake shi, kafin ta shigo hannunka. Mafi yawan ma'adinin kobalt da ake sa wa batura daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake haƙo shi. Ke nan wanda ya riƙe wayarsa shekara huɗu maimakon biyu ya yi abin da ya fi duk sauran dabarun. Batir ya mutu, a sauya batir. Gilashi ya fashe, ga masu gyara nan ko'ina. Kaduna ce fa garin Panteka, inda ake mayar da tsohon ƙarfe sabon kaya, bai kamata a ce mu ne ke jin kunyar riƙe wayar da aka gyara ba.

Ina jin tsoron abin da ke tafe a ofisoshi. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa manhajarsa ta Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma kwamfutoci masu yawa da ke aiki lafiya lau ba za su ɗauki sabuwar manhajar ba. Kafin a jibge su a sito, a sani cewa manhajar Linux kyauta ce, tana tafiya a tsohuwar kwamfuta, ta isa buga takarda da shiga intanet da koyar da yara. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma kashi 22 cikin 100 kawai aka tattara aka sarrafa yadda ya dace. A wurinmu mun san inda take ƙarewa. 'Yan gwangwan su saya, a kai bayan gari, yara ƙanana su ƙona wayoyin lantarkin da ke ciki don su ciro tagulla, suna tsaye a kan baƙin hayaƙin ba ko ƙyalle a hancinsu.

Akwai kuma ofisoshin da za su sa mutum ya cike fom a intanet, sannan su ce ya bugo shi kwafi uku ya sa a fayil ya kawo da ƙafarsa. Da wannan bugun nake cin abinci, amma ina cewa a daina. An ƙona wuta an aika bayanin, an sake ƙona mai an buga shi, ga kuɗin Keke Napep a kan talaka.

Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Glasgow a 2021 cewa za ta kai matakin da hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake zuƙewa daga iska ba nan da 2060. Roƙona ga gwamnatin jiha da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, a taimaka wa kowane layin shaguna ya samu sola ta haɗin gwiwa da za a riƙa biya kaɗan-kaɗan, a kuma ware wuri a manyan kasuwanninmu inda za a riƙa karɓar matattun batura da wayoyi, a miƙa su ga waɗanda suka san yadda ake kwance su ba tare da ƙonawa ba.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Daga mai shagon buga takardu,
Tudun Wada, Kaduna.