Amsa ga ƙanina da ya ce ina jarumtar take a fim ɗin nan

Assalamu alaikum ƙanina,

Tunda a Facebook gaban kowa ka yi min tambayar, ni ma gaban kowa zan ba ka amsa. Ka ce wai me ya sa nake ta yabon fim ɗin darakta Bafalasɗine Raed Andoni mai suna Ghost Hunting alhali ba faɗa ba labari, maza ne kawai ake ɗaurewa suna kuka, ka ce wannan ai zubar wa Falasɗinawa da mutunci ne ba nuna jarumtarsu ba. Ka yi haƙuri, wallahi ban yarda da kai ba ko kaɗan.

Ka fara jin yadda aka yi fim ɗin tukuna. Andoni talla ya sa a jarida a Ramallah yana neman mutanen da aka taɓa tsarewa a Maskobiyya, gidan tambayoyin nan na Isra'ila da ke birnin Ƙudus, musamman masu sana'ar hannu, kafintoci da magina da sauransu. Shi kansa an tsare shi a wurin yana ɗan shekara 18. Suka taru a wani ƙaton ɗaki da ba komai a cikinsa suka sake gina kurkukun da hannunsu, ba hoto ba taswira sai abin da ya saura a kansu, kuma ka tuna yawanci da buhu a ka ake shiga da mutum wurin, to abin da jikinsu ya riƙe shi suka auna da shi, faɗin ɗaki, tsayin bango, kujerar da ake ɗaure mutum a kai, wannan ya ce kaza ne wancan ya ce a'a bai kai haka ba. Ina kallon wurin nan tsigar jikina na tashi. Wurin da aka gina don a karya su, su ne yanzu ke riƙe da guduma da ma'auni suna cewa ga inda ƙofa take. In wannan ba turjiya ba ce to mene ne?

Na san me kake nema, ka saba da fim ɗin Indiya inda jarumi zai daki bos a ƙarshe kowa ya yi tafi. Amma wa zai bari a shiga Maskobiyya da kyamara? Ba wanda zai bari. Shi ya sa dole fim ɗin ya zo da wani salo dabam, rabi gaskiya rabi wasan kwaikwayo, har da zanen katun a wasu wurare, tsohon fursuna ya sa kayan mai tambaya ya tsaya a kan ɗan'uwansa yana yi masa tsawa, wani lokacin abin ya fi ƙarfin wasa ka ga tsohon ciwo ya taso da gaske. Kuma abin da suke nunawa ba ƙirƙira ba ce, kotun ƙolin Isra'ila da kanta a 1999 ta haramta girgiza fursuna da ɗaure shi a 'yar ƙaramar kujera da buhu a ka ana kunna masa kiɗa mai ƙarfi, duk da haka ƙungiyoyin kare haƙƙi irin su B'Tselem ba su daina kawo rahoton cin zarafi a ɗakunan tambaya ba.

Maganar kuka kuwa, haba ƙanina. Namijin da aka hana barci kwana da kwanaki ya fito da hankalinsa, ya yi aure ya haihu ya riƙe sana'a, sannan ya yarda ya koma cikin irin ɗakin nan da ƙafarsa don duniya ta gani, shi za ka kira rago don hawaye ya zubo masa? Ka lura kuma a cikin fim ɗin suna raha suna tsokanar juna suna dariya, mutanen da aka gama da su ba sa haka.

Abu ɗaya da ke damuna, kuma da shi ka tambaya da na ce ka yi tambaya mai nauyi, shi ne ko ya dace darakta ya fama wa mutane gyambonsu gaban kyamara. Abin da ya sassauta min shi ne ba baƙo ne ya zo ɗaukar wahalar wasu ba, gyambon har da nasa, kuma ba wanda aka tilasta, kowa da kansa ya amsa tallar.

Fim ɗin ya ci kyautar fim na gaskiya a bikin finafinai na Balin a Fabrairun 2017, wata biyu bayan nan, ran 17 ga Afrilu, fursunoni Falasɗinawa kusan 1,500 suka shiga yajin cin abinci ƙarƙashin jagorancin Marwan Barghouti, ɗan siyasar Falasɗinu da ke tsare tare da su, aka yi kwana 40 ana kan ruwa da gishiri. Irin mazan da ka ce ba ka ga jarumtarsu ba ke nan.

Ka sake kallonsa daga farko har ƙarshe, ba guntayen da ake yaɗawa ba, in ka gama ka zo mu yi magana.

Yayanka